Shin Karatu da Rubutu Suna Sauya Tunanin Ɗan Adam, Ko Harshe Kawai Suke Ɗauka?

Malam Kabiru:
Assalamu alaikum. Ina so in ajiye wata mas'ala a gaban 'yan'uwa, kuma zan fara da bayyana ɓangaren da nake, domin kada a ce na jefa tambaya na koma gefe. Ra'ayina shi ne, rubutu ne ya koya wa ɗan adam tunani mai tsari, wato irin tunanin da yake ɗora hujja a kan hujja har a kai ga sakamako. Magana tana gushewa da zarar an furta ta, amma abin da aka rubuta yana nan, ana iya komawa gare shi, a ɗauki jumla ta farko a auna ta da ta goma, a gane inda marubuci ya yi tufka da warwara. Kusan wannan ne abin da Jack Goody da Ian Watt suka kafa hujja a kai a shekara ta 1963, inda suka danganta bunƙasar mantiƙi da tarihi a tsohuwar Girka da yaɗuwar haruffa.

Akwai kuma shaidar gwaji. A shekarun 1931 da 1932 masanin halayyar ɗan adam na Tarayyar Soviet, Alexander Luria, ya je ƙauyukan Uzbekistan da Kirgiziya ya yi wa manoman da ba su yi karatu ba tambayoyi na ƙiyasi. Ya ce musu a can arewa mai nisa, inda dusar ƙanƙara take, duk dabbobin beyar farare ne, kuma Novaya Zemlya tana arewa mai nisa. To wane launi ne beyar ɗin can? Da yawansu suka ƙi yanke hukunci, suka ce ba su taɓa zuwa can ba, sai a tambayi wanda ya gani. Da aka nuna musu hoton guduma da zarto da gatari da gungumen itace aka ce su fitar da wanda bai dace da sauran ba, sai suka ce duk suna buƙatar juna, domin babu amfanin zarto in babu itace. Waɗanda suka ɗan taɓa karatu kuwa suka fitar da gungumen, suka ce sauran ukun kayan aiki ne. Idan ba karatu ne ya kawo wannan bambanci ba, mene ne?

Dakta Nasiru:
Wa alaikumus salam. Malam Kabiru, tambayarka ta ƙarshe tana da amsa, kuma amsar ita ce makaranta. Mutanen da Luria ya kwatanta ba a karatu kaɗai suka bambanta ba. Waɗanda suka iya karatu su ne kuma suka zauna a aji, suka shiga gonakin haɗin gwiwa na sabuwar gwamnati, suka saba da baƙo mai tambayar abin da ya riga ya san amsarsa. Abubuwa uku ko huɗu sun sauya tare, don haka gwajin ba zai iya nuna wanne ne sanadi ba.

Abin da ake buƙata shi ne al'ummar da take da rubutu ba tare da makaranta ba, kuma Sylvia Scribner da Michael Cole sun same ta a wajen mutanen Vai na Laberiya, suka fitar da sakamakon aikinsu a 1981. Mutanen Vai suna da rubutun kansu na gaɓoɓi, mai alamomi kusan 200, wanda ake danganta ƙirƙirarsa ga Momolu Duwalu Bukele a shekarun 1830, kuma ana koyonsa ne a gida, aboki ya koya wa aboki, ba a aji ba. Ban da shi akwai masu karatun Larabci ta hanyar Alƙur'ani, akwai kuma masu karatun Ingilishi a makaranta. Ga shi an raba abin da ya cakuɗe a hannun Luria. Sakamakon bai yi wa ra'ayin Goody daɗi ba: masu rubutun Vai ba su fi waɗanda ba su iya karatu ba a warware ƙiyasi ko rarraba abubuwa gida-gida. 'Yan makaranta ne suka yi fice, musamman wajen bayyana dalilin amsarsu. Kowane irin karatu ya bar alamarsa ne daidai inda ake amfani da shi. Masu rubutun Vai, waɗanda suka saba da wasiƙa, sun fi iya yi wa wanda ba ya wurin bayani, masu karatun Alƙur'ani kuma sun fi iya riƙe jerin kalmomi da ake ƙara musu ɗaya bayan ɗaya.

Malama Hadiza:
Ina so in ƙara a kan maganar Dakta ta wata fuska. Mu sake duban amsar manomin nan da ya ƙi faɗin launin beyar. Abin da ya ce a taƙaice shi ne: wanda bai ga abu ba, bai kamata ya ba da shaida a kansa ba, ni ban gani ba, saboda haka ba zan ba da shaida ba. Wannan ƙiyasi ne cikakke, da shimfiɗarsa biyu da sakamakonsa. Mutumin bai kasa mantiƙi ba, ya ƙi yarda ne da sharaɗin wasan, wato a ɗauki maganar baƙo a matsayin gaskiya a yi gini a kanta. An gwada wannan kai tsaye. Maria Dias da Antonio Roazzi da Paul Harris sun yi aiki da manya da ba su yi makaranta ba a Birazil, kuma da aka gabatar musu da irin waɗannan tambayoyi a matsayin labarin wata duniya ta daban, sai amsoshinsu na mantiƙi suka ƙaru sosai.

Auwalu:
Malamaina, in na fahimce ku daidai, ke nan rubutu ba ya taɓa tunani ko kaɗan, ma'aji ne kawai da ake zuba magana a ciki?

Malama Hadiza:
A'a, Auwalu, kada mu tsere wa wani kuskure mu faɗa cikin kishiyarsa. Akwai wurin da tasirin karatu yake a fili ƙwarai, kuma shi ne yadda mutum yake jin harshensa. A 1979 José Morais da abokan aikinsa sun gwada manya a karkarar Fotugal, rukuni biyu masu asali iri ɗaya: waɗanda ba su taɓa koyon karatu ba, da waɗanda suka koya da girmansu a azuzuwan yaƙi da jahilci. Aikin da aka ba su mai sauƙi ne a idon mai karatu, wato a cire sautin farko na kalma ko a ƙara mata wani. Misalinsa a harshenmu shi ne a ce ka cire sautin farko daga "tafi" ka faɗi abin da ya rage. Mafi yawan waɗanda ba su yi karatu ba sun kasa, waɗanda suka koya da girma kuwa mafi yawansu sun iya. A ayyukan da suka biyo baya an ga cewa marasa karatun suna gane amsa-amo, suna kuma iya sarrafa gaɓa fiye da yadda suke iya sarrafa ƙwayar sauti, wato sautin baƙi ko wasali guda. Saboda haka ba ƙarancin basira ba ne.

Dalilin yana cikin yanayin furuci. Mu da muka saba da haruffa muna jin kamar "tafi" sautuka huɗu ne a jere, ɗaya na bin ɗaya, amma baki ba haka yake aiki ba. Tun harshe bai bar wurin furta baƙin farko ba, an riga an shirya wa wasalin da ke biye. Alvin Liberman da abokansa a cibiyar bincike ta Haskins a Amurka sun nuna cewa idan ka ɗauki gaɓar "di" a faifai kana yanke ta daga ƙarshe kaɗan-kaɗan domin ka ware baƙin shi kaɗai, ba za ka taɓa samunsa ba: ko dai ka ci gaba da jin gaɓar, ko ka ji wani ɗan ƙara da bai yi kama da magana ba. Kowane yaro yana amfani da ƙwayoyin sauti tun yana ƙarami, tunda yana bambanta "kafa" da "ƙafa", amma bai san yana yi ba, sai haruffa sun tilasta masa lura.

Kuma ba kowane rubutu ne yake yin wannan ba. A 1986 Charles Read da abokan aikinsa sun maimaita gwajin a ƙasar Sin, tsakanin manya da suka iya rubutun Sinanci na gargajiya kaɗai da waɗanda suka koyi Pinyin, wato rubuta Sinanci da haruffan Latin. Na farkon, duk da cewa masu karatu ne na sosai, sun sha wuya kamar marasa karatun Fotugal. David Olson ya gina ra'ayinsa a kan irin wannan, cewa tsarin rubutu yana zama ma'aunin da mutane suke kallon harshensu da shi, kuma abin da rubutun bai nuna ba, da wuya mai karatu ya lura da shi.

Dakta Nasiru:
Abin da Malama ta faɗa yana da madogara a ƙwaƙwalwa. Rubutu mafi daɗewa da aka sani ya bayyana a Mesofotamiya, wato yankin Iraƙi na yau, wajen shekara ta 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, wato bai wuce shekaru dubu biyar da 'yan ɗarurruwa ba, kuma har ƙarni biyu da suka wuce mafi yawan mutanen duniya ba su iya shi ba. Yaro yana tsintar magana ba tare da an zaunar da shi ba, karatu kuwa sai an koyar. Duk da haka, masu karatu a ko'ina suna amfani da kusan wuri guda a ƙasan ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa wajen gane siffar kalma. Likitan Faransa Jules Dejerine ya ba da labarin wani majinyaci a 1892 wanda bugun jini ya taɓa masa wannan yanki da hanyoyinsa: yana gani, yana magana, yana iya rubutu, amma ba ya iya karanta ko abin da hannunsa ya rubuta. A shekara ta 2000 Laurent Cohen da Stanislas Dehaene suka fayyace wurin da na'urar ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa.

Bayanin Dehaene shi ne, karatu aro yake yi daga sashen da aikinsa na asali gane abubuwa da fuskoki ne. A binciken da suka fitar a 2010 a kan manya daga Birazil da Fotugal, sun ga cewa gwargwadon ƙwarewar mutum a karatu, gwargwadon yadda wurin yake amsa wa haruffa, yana rage amsa wa fuskoki, har da waɗanda suka koya da girma. Aron yana da farashi. Idon ɗan adam ya ginu a kan ɗaukar abu da juyinsa na madubi a matsayin abu guda, domin kujera kujera ce ko ta fuskanci dama ko hagu. Mai koyon haruffan Latin dole ya warware wannan ɗabi'a kafin ya raba "b" da "d", shi ya sa yara suke juya haruffa a farkon koyo, kuma wannan shi kaɗai ba alamar wata lalura ba ce. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, an samu wannan yanki yana aiki a wajen makafi tun haihuwa lokacin da suke karanta rubutun Braille da yatsa.

Malam Kabiru:
Dakta, ai da bakinka ka tabbatar da maganata. Idan karatu ya sake tsara ƙwaƙwalwa, ta yaya zai bar tunani yadda ya same shi?

Dakta Nasiru:
Malam, duk wani koyo yana sauya ƙwaƙwalwa. Eleanor Maguire ta nuna a shekara ta 2000 cewa direbobin tasi na Landan, waɗanda suke haddace titunan birnin, suna da bambanci a sashen da ke kula da sanin wurare, kuma babu wanda ya ce tuƙi ya ba su sabon mantiƙi. Tambayar ita ce me ya sauya. Abin da muka gani ya sauya shi ne gani, da jin sautin magana, da igiyar da ta haɗa su.

Akwai kuma wani zato a ƙarƙashin hujjarka, cewa tunani da harshe abu ɗaya ne, don haka abin da ya taɓa harshe ya taɓa tunani. Marasa lafiya sun nuna akasin haka. Rosemary Varley da abokan aikinta sun ba da rahoto a 2005 a kan maza uku da lahani mai girma a ɓarin hagu ya lalata musu nahawu, har ba sa iya bambanta "mutum ya kashe zaki" da "zaki ya kashe mutum". Amma suna bambanta 59 a cire 13 da 13 a cire 59, suna kuma warware lissafi mai baka-biyu a cikin baka-biyu. Aikin Evelina Fedorenko a Amurka ya nuna abu makamancin haka a wajen masu lafiya: sassan da suke aiki idan ana sauraro ko karanta jumla ba su ne suke ɗaukar nauyin lissafi ko warware matsalar mantiƙi ba. Karatu wata sabuwar ƙofa ce zuwa sassan harshe, ba zuwa dukkan tunani ba.

Auwalu:
Amma idan ina karatu a zuci ba na jin ina furta komai. Ba za a ce ido yana kai ma'ana kai tsaye ba tare da an bi ta sauti ba?

Malama Hadiza:
Ƙwararren mai karatu yana da hanyoyi biyu da suke aiki tare, ɗaya daga siffar kalma zuwa ma'ana, ɗaya ta sauti, kuma ta biyun ba ta mutuwa. Guy Van Orden a 1987 ya riƙa tambayar masu karatun Ingilishi ko kalmar da aka haska musu sunan fure ce. Idan aka haska "rows", wadda furucinta ɗaya da "rose" amma ma'anarta daban, sukan yi kuskuren cewa e fiye da yadda suke yi da kalmar da kamanninta kawai ya yi kusa. Rubutunmu na boko ma shaida ne a kan dogaron karatu ga magana, tunda ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Idan ka ga "gari" a takarda, ba haruffan ne suke faɗa maka ko birni ake nufi ko abin da aka niƙa ba, kai ne kake ciko abin da ya rage daga harshen da ka riga ka sani. Hanyar kuma tana komawa baya: a 1979 Mark Seidenberg da Michael Tanenhaus sun samu cewa mutanen da suke sauraro kawai, ba takarda a gabansu, sun fi saurin gane amsa-amon kalmomi biyu idan rubutunsu ya yi kama.

Alhaji Isa:
Na jima ina bin wannan muhawara, kuma ina ganin an matsa wa Malam Kabiru fiye da kima. Duk gwaje-gwajen da aka kawo suna auna abin da mutum yake iyawa ne bayan an karɓe masa alƙalami, alhali ƙarfin rubutu yana bayyana ne lokacin da alƙalamin yake hannu. Ku gwada ninka 347 da 86 a ka. Wahalar ba ta rashin sanin ƙa'ida ba ce, ta riƙo ce: kana ninka lamba ta biyu, sakamakon ta farko yana zamewa. Nelson Cowan ya ƙiyasta a 2001 cewa abin da hankali yake iya riƙewa a lokaci guda kusan abu huɗu ne kawai. A takarda kuwa kana ajiye kowane ɗan sakamako a layinsa, ka manta da shi da gangan, ka dawo ka same shi. Haka abin yake ga hujja mai shafi talatin. Andy Clark da David Chalmers sun kai maganar nesa a 1998, suka ce a irin wannan hali takardar wani ɓangare ce na tunanin. Ko ba mu bi su har can ba, jadawali da jeri da taswira siffofi ne da baki ba ya iya furta su, kuma allunan farko na Uruk, tsohon birnin Mesofotamiya, yawancinsu lissafin dukiya ne da jerin sunaye, ba labari ba.

Dakta Nasiru:
Na yarda da wannan, Alhaji, amma ka lura da'awar ta sauya. Ta farko ita ce rubutu ya haifi tunani mai tsari, taka kuwa ita ce rubutu yana tsawaita shi. Kuma ko a nan akwai abin lura, domin nahawun Sanskrit, tsohon harshen Indiya, wanda malami Panini ya tsara, mai ƙa'idoji kusan 4,000 da suke dogara da juna, an tsara shi ne domin hadda, kuma ta baki aka riƙa miƙa shi ƙarni bayan ƙarni.

Malam Kabiru:
Ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba. Mutanen Vai suna rubuta wasiƙu ne da lissafin kasuwanci, ba dogayen littattafan hujja ba, saboda haka ba a gwada irin karatun da nake nufi a kansu ba. Wanda ya shekara ashirin yana karanta rubutu mai nauyi, ba na jin maganarsa da tunaninsa za su zauna yadda suke.

Malama Hadiza:
A wannan gaɓar kana da hujja, Malam, sai dai ita ce hujjar Scribner da Cole ɗin da kansu, wato abin da ake yi da rubutu shi ne yake barin alama. Harshen littafi ya bambanta da na hira, domin marubuci ba shi da fuskar mai sauraro da za ta nuna masa an gane ko ba a gane ba, dole ya zuba komai cikin jumla. Donald Hayes da Margaret Ahrens sun ƙirga a 1988 suka samu cewa littattafan yara sun fi hirar manya masu digiri yawan kalmomin da ba a cika ji ba. Mai yawan karatu yana tara kalmomi da dogayen jumloli da sanin duniya da ba zai same su a hira ba.

Auwalu:
To idan haka ne, wanda ake karanta wa littafi yana saurara, ko mai jin littafin da aka naɗa a murya, ya samu duk abin da mai karatu ya samu?

Dakta Nasiru:
Ya samu kalmomin da jumlolin da ilimin, kuma wannan ba ƙaramin rabo ba ne. Abin da bai samu ba shi ne ikon da ido yake da shi a kan shafi. Ido ba ya tafiya sumul a kan layi, tsalle yake yi yana tsayawa, kowace tsayuwa kusan rubu'in daƙiƙa, kuma tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na tsallen nan baya suke komawa, yawanci mai karatun bai ma sani ba. A 2014 Elizabeth Schotter da Randy Tran da Keith Rayner sun shirya allon kwamfuta ta yadda duk kalmar da ido ya wuce sai a rufe ta, komawa baya ta zama ba ta da amfani. Fahimtar masu karatun ta ragu, kuma ba a jumloli masu harshen damo kaɗai ba, har da waɗanda ma'anarsu take a fili.